Gonar Yaya da Ba a Nomawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yayanmu ya rasu ranar Talata bayan azahar, a ɗakin da aka haife mu a Karare, ana tsakiyar zafin bazara. Kafin magariba mun kai shi makwancinsa. Na ɗauki alƙalami ne don na san halin garin nan. Mutum ya shekara sittin yana kai da kawowa, da an yi sadakar arba'in sai a naɗe tabarmi, a koma maganar gyaɗa da ta Turawa da ake cewa sun kusa tafiya. Ni ban yarda a yi wa Yaya haka ba.

Kwana bakwai muna zaune a zaure, kuma ban taɓa ganin makokin da bakin masu gaisuwa ya rabu a kan mamaci kamar wannan ba. Malaman Batsari suka ce ɗan malam ne jikan malam, ya sauke Alƙur'ani kafin boko ta ɗauke shi, Allah ya jiƙansa. Manoman unguwarmu suka ce mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, sai dai fa... Kowa ya san wannan "sai dai" ɗin ciyawa ce. Malamin Haki suke ce mashi a bayan idonsa, masu ƙarfin hali su faɗa a gabansa, shi kuwa ya amsa masu da fara'a.

Wani tsohon Bafillace ya tako a ƙasa daga wajen Safana, ya jingine sandarsa, ya yi gaisuwa doguwa. Da zai tashi ya ce tun da yake a duniya, mutum ɗaya ne mai takalmi da agogo ya taɓa tsugunawa gabansa ya tambaye shi sunan haki, ya rubuta yadda ya faɗa, bai gyara mashi ba. Ya ce shi abin da ya kawo shi ke nan.

Ran sadakar bakwai wani abokin aikinsa ya iso daga babbar makarantar nan ta Kudu da suke ce wa jami'a, inda Yaya yake koyar da sanin tsirrai. Jirgin ƙasa ya hau, ya hau lori zuwa Batsari, ya ƙarasa a keken aro. Hausarsa ta kasuwa ce. Ya zauna a tabarma ya yi ta kuka, babban mutum da furfurarsa, har muka rasa inda za mu sa idonmu. Da ya share fuska bai ce a nuna mashi kabari ba. Cewa ya yi a kai shi ya ga gonar.

Aka juyo ana kallona.

Gonar nan gadon mahaifinmu ce, tana bakin hanyar Safana, ita ta faɗo a rabon Yaya. Ba a noma ta. In ka wuce, daji za ka gani: gamba ta fi tsawon mutum, ga sabara, ga kalgo, ga turakun ƙarfe an kafa jefi-jefi. Dagaci ya yi wa Yaya alkawarin ba za a taɓa ta ba muddin yana raye. To, ga shi ba ya raye. Babban ɗansa yana da baki bakwai da yake ciyarwa, gonarsa jigawa ce ta gaji, damina ta ƙarato, kuma bayan arba'in za a raba gado. In ya sa mata gatari babu mai ganin laifinsa. Kallon da aka yi mani kuwa yana da dalili, don ni na taɓa sa mata gatari. Zan zo kan wannan, a bar ni in fara faɗin wane ne Yaya.

Mutum ne mai tafiya kansa a ƙasa. Wanda bai san shi ba zai ce allura ya yar. Tun yana aikin gandun daji, kafin jami'a ta ɗauke shi, haka yake. Ban taɓa tafiya da shi ɗaurin aure mun riski fatiha ba. Mu kama hanyar Batsari da sassafe, sai ya ga wani abu a gindin geza, ya ce in dakata kaɗan. Ya tsinko ganye, ya murtsuke, ya shinshina, wani lokaci ya ɗanɗana ya tofar. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya a kusa, in tsaya ina huci, ina lissafa mashi mutanen da suka wuce mu. Matarsa ta gaji da mita ta haƙura, don duk rigar da za ta wanke sai ta zazzage aljihun ta sami 'ya'yan itatuwa da saiwoyi. Yana da wasu alluna biyu na katako da yake matse ganye a tsakaninsu cikin tsofaffin jaridu, ya ɗaure da maɗaurin fata. In sun bushe ya rubuta suna da wurin da ya samo, ya tafi da su Kudu.

Bai yarda da "an ce" ba. Ka gaya mashi abu, ko kai wane ne, sai ya tambaye ka ko ka gani da idonka. In ka ce a'a, ya ce to a tashi a je a gani. Saboda haka da yawa ba su son hira da shi. Amma masu tsinkar ganyen miya, da maharba, da ungozoman unguwarmu, su kam in ya zo hutu ba su rabuwa da ƙofar gidan, don su sun gani da idonsu.

Na tuna wata kaka muna zaune bayan la'asar da limaminmu na lokacin, Yaya ya shigo da zangarniya biyu, ɗaya ta gero, ɗaya ta shibra, wannan ciyawar mai kama da gero da muke cirewa a gona don tsabarta zubewa take tun ba a girbe ba. Ya ajiye su gaban liman ya ce 'yan gida ɗaya ne. Ya ce gero da can haki ne a daji, kakanninmu suka yi ta zaɓen zangarniyar da ba ta zubar da tsaba suna ajiyewa iri, shekara bisa shekara, har ya zama abin da muke ci. Liman ya gyara zama, ya ce shi dai abin da ya sani Allah ne ya halicci gero. Na ce a raina yau za a yi ta. Yaya ya ce, "Haka ne, Allah gafarta malam. Kuma shi ya halicci hannun tsohuwar da ta zaɓi irin." Liman ya jujjuya shibrar nan a hannunsa, ya ce zai duba. Har ya rasu bai ce ya gama dubawa ba, amma in Yaya ya zo shi yake fara aiko mashi da fura.

Akwai kuma wata tsohuwa mai maganin yara da wani mai gadin daji ya kama tana sassaƙar ɓawon itace a gandu, ya ƙwace mata gatari. Ta zo tana kuka. Yaya ya ajiye abincin da yake ci, ya raka ta har Safana a ƙasa cikin rana, ya tsaya mata har aka mayar mata da gatarinta. A hanyar dawowa ya fara koya mata cewa in za ta sassaƙi ɓawo ta ɗebi gefe ɗaya, kada ta zagaye itacen ya mutu. Ta dube shi ta ce tun ba a haifi uwarsa ba ta san wannan, har ma takan shafe wurin da laka. Shi da kansa ya ba mu labarin yana dariya. Ya ce a nan bakin hanya ya zauna ya rubuta maganar lakar.

To, gonar. Da aka raba gadon mahaifinmu, ƙasar nan ta mutu murus, ko ƙarangiya da kyar take fitowa. Yaya ya kafa turakunsa na ƙarfe ya ce a bar mashi ita, yana duba wani abu. Duk kaka ya zo da igiya mai ƙulli-ƙulli, ya ja daga turke zuwa turke, ya tsuguna ya ƙirga duk abin da ya tsiro a tsakani, ya rubuta. Ni ban tambaye shi abin da yake dubawa ba. Na ɗauka magana ce irin ta mutumin da aiki ya yi wa yawa, yana jin nauyin ya ce ƙaninsa ya noma mashi.

Shekara goma sha ɗaya tana haka. Wajen ƙarshen shekarun nan aka tura shi ƙasar Turawa ƙaro ilimi, kaka biyu bai zo ba. Ni nake shan magana. In shiga kasuwar Batsari, a ce ga ƙanin mai gonar kuraye. Gwaggonmu ta ce ita ba ta ƙara bin hanyar Safana, don ba ta iya ganin gonar ɗan'uwanta ta zama maɓoyar macizai. Ana cikin haka dagaci ya aiko cewa wani baƙo ya nemi ƙasar noma, kuma ƙasar da aka bari ta koma daji, a al'ada ana iya ba wani. Ranar ban iya cin abinci ba. Na ce wallahi ina raye ba za a ce gidan malam sun kasa riƙe gonar ubansu ba.

Na kira gayya. Ba ƙaramar gayya ba, har daga ƙauyukan Safana aka zo. Na yanka akuya, mata suka dama fura tulu-tulu, na ɗauko makaɗa. Kafin azahar mun yi sassabe, mun kwantar da komai, muka tara muka cinna wuta. Turakun ƙarfen nan na tumɓuke su da hannuna na kai wa maƙeri, ya ƙera fartanya shida. Ruwa ya sauka na shuka gero. Ƙasar da ta huta shekara goma sha ɗaya, ai ba a magana. Gero ya yi kyan da masu wucewa suke tsayawa kallo. Ban rubuta wa Yaya ba, so nake ya zo ya gani da idonsa. Ina ta murna har cikin raina, ina jin na yi abin da ɗan'uwa yake yi wa ɗan'uwa.

Ya iso ana gab da girbi. Ko ruwa bai gama sha ba ya ɗauki igiyarsa, ni kuma na bi shi ina murmushi. Da muka kai ya tsaya a bakin gonar. Ya daɗe a tsaye. Ya shiga cikin geron yana duba ƙasa, yana neman inda turakunsa suke, ni ina biye ina gaya mashi dami nawa nake sa rai. Ya tambaye ni wa da wa suka zo gayyar. Washegari ya bi su gida-gida ya yi masu godiya, bai tsallake kowa ba. Da aka girbe ya ce a rabar da geron duka sadaka. Ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga tukunyar gidansa ba.

Nan zuciyata ta hau. Na same shi a zaure na zazzage mashi. Na ce na ci zagi saboda shi, na kashe akuyata, na ceci gonar ubanmu daga hannun baƙo, shi ne zai watsa mani ƙasa a ido? Na ce boko ta cinye mashi hankali, ya fi son haki da 'yan'uwansa. Na faɗi abin da ya fi wannan muni, ba zan rubuta shi ba. Ya bari na gama, sannan ya ce in zauna.

Ya ce so yake ya san shekara nawa ƙasar da ta mutu take ɗauka ta farfaɗo da kanta, da kuma wa yake fara dawowa, wa yake biyo baya. Ƙarangiya da tafasa su ne na farko, kyasuwa ta biyo, sannan gamba ta kore su, sabara da kalgo su yi inuwa, a cikin inuwar nan manyan itatuwa su samu su tsiro. Ya ce saboda gyaɗa mutane sun daina barin gona ta huta, rairayi yana ƙaruwa, nan gaba za a nemi wanda ya san yadda ƙasa take warkewa a rasa. Shekara ashirin yake bukata a jere, ba a sare ba, ba a ƙone ba. Ya ce zuwansa na ƙarshe ya bar 'yan marke sun fara fitowa, tsawon ɗan yatsa.

Sai ya ce, "Ka wanke mani allo ban kai ga haddacewa ba."

Ni ɗan malam ne, ina koyar da yara. Na gane. Amma maimakon in ce ya yafe mani, sai na ce ai da ya yi mani bayani tun farko. Ya ce gaskiya ne, wannan laifinsa ne. Na tashi na fita da ragowar fushina, don ban san inda zan ajiye shi ba.

Wata uku ba mu yi wata magana ba sai gaisuwa. Gwaggonmu ce ta haɗa mu ta yi mana tas, ta ce ita ba ta ga abin faɗa a kan ciyawa ba. Muka koma cin abinci a akushi ɗaya. Ya je wurin dagaci ya karɓi alkawarin nan, ya sa maƙerin da ya narkar da turakun farko ya ƙera mashi sababbi, ya sake farawa daga ƙarangiya, yana da shekara hamsin da ɗoriya. Bai ƙara tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Ni ma ban tayar ba. Duk kaka in ce bana zan roƙe shi gafara, sai in ga yana ta fara'a da ni, in ce to a bari sai baɗi. Shekara tara ina wannan baɗin.

Da ciwo ya kwantar da shi aka kawo shi gida. Ranar da zai cika, da hantsi, na shiga na zauna kusa da shi da niyyar yau sai na faɗa. Na buɗe baki ke nan ya riga ni. Ya ce marke ya sake fitowa a gefen gabas, guda uku, in na bi ta wajen in duba ko awaki sun taɓa su. Na ce to. Ya yi barci. Bayan azahar ya tafi. A wurin jana'iza liman ya ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe mashi, na ji muryata ta fi ta kowa ƙarfi ina cewa na yafe. Ni da nake bukatar a yafe mani. Wannan abu yana ci mani rai har yau.

Na kai baƙon nan na Kudu gonar kamar yadda ya roƙa. Ya zagaya, ya sami marken nan uku. Ya ce littattafan Yaya suna wurinsa, in za a samu mai ci gaba da ƙirgar duk kaka, ko da ajami ne, a aika mashi. Ya tambaye ni ko za a bar gonar. Na ce ba tawa ba ce.

Bayan arba'in malamai suka zauna aka raba gado, gonar ta faɗa hannun babban ɗansa, kamar yadda kowa ya zata. Na bari aka watse, na kira shi zaure. Ina da gona a bayan gida, shekara talatin ina zuba mata taki, duk rani Fulani a nan suke kwana da shanunsu. Babu irinta a unguwarmu. Na ce ya ɗauke ta, ya ba ni dajin.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, me za ka yi da daji?"

Na ce ban sani ba tukuna, ubansa ne ya sani.

Ya yi ta wasa da bakin tabarma. Can ya ce akwai saƙon da aka bar mashi, ya rasa yadda zai faɗa mani. Ya ce kwana biyu kafin rasuwar mahaifinsa ya kira shi ya ce, in an zo rabo, in Baba ya ce a nome gonar, a nome, kada a yi jayayya da shi. Mahaifin nasa ya ce, shekara ashirin ƙanina yana shan kunya a Karare saboda ni, ni ina can Kudu ban ji ko ɗaya ba, ya isa haka.

Ni da na ga baƙo yana kuka na rasa inda zan sa idona, sai ga shi ɗan yayana ne yake kallon bango don kada ya gan ni.

Da na share hawaye na ce ya je ya kira shaidu. A ranar muka yi musaya gaban dagaci. Matata ta kwana biyu ba ta yi mani magana ba, 'ya'yana suna ganin ciwon Yaya ne ya kama ni, a kasuwar Batsari kuma na ji an fara cewa Malamin Haki ya bar magaji. Su faɗa. Bana ɗan Yaya ya shuka gyaɗa da dawa a bayan gidana, sun yi kyau, ina wucewa ina sa albarka.

Saura shekara goma sha ɗaya, daidai waɗanda na ƙone. Shekaruna hamsin da bakwai, gwiwata ba ta son tsuguno, rabin hakin nan ban san sunansa ba sai na kai wa ungozoma ta faɗa mani. Ban sani ba ko zan kai. Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Ku kuma mutanen Karare da Batsari da Safana, ku riƙe wannan: in kun wayi gari ba ni, kuka hangi hayaƙi ya tashi a bakin hanyar Safana, ba da yawuna ba ne.